Tsohuwar Lee-Enfield ta 1943: in mayar da ita bindigar farauta ko in bar ta yadda soja ya riƙe ta?

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar tsofaffin bindigogin soja, domin ina gab da yin wani aiki wanda idan na yi shi ba ya warwaruwa. Wata biyu ke nan da na mallaki wata Lee-Enfield daga hannun wani dattijo da ya daina shiga daji, an kammala takardu bisa ƙa'ida, yanzu tana cikin lasisina. A gefen hagu na uwar ƙarfenta, wato babban ƙarfen da bututu ke ɗaure a jikinsa, an buga No. 4 Mk I*, sai sunan Long Branch, sai shekarar 1943. Lambar da ke jikin bindigar ita ce a hannun sakata, wato ƙarfen da ake ja a tura harsashi a kulle, amma gidan harsashi ba shi da lamba ko ɗaya. Katakonta ya yi baƙi ƙirin, ya sha tabo da lotsawa ta ko'ina, kuma da zarar ta ji zafin rana sai wani maiƙo mai wari ya riƙa tsattsafowa daga jikinsa yana ɓata hannu da riga. Da na haska fitila na leƙa cikin bututun, tsagi biyu kacal na gani suna murɗawa, cikin kuma ya ɗan dushe, ba ya ƙyalli.

Abin da na ƙudurta shi ne in goge katakon da sanfefa har sai sabon jikinsa ya fito, in shafa masa banis, in yanke katakon gaba da ya rufe bututu domin nauyi ya ragu, sannan in kai wa maƙeri ya huda uwar ƙarfen ya ɗaura mini madubin hange, saboda farautar barewa da aladen daji nake so in yi da ita. Wani abokina da ya ji wannan shiri ya ce ɓarna zan yi, amma bai iya yi mini bayanin da ya gamsar da ni ba. Dattijon ya kuma haɗa mini da ƙaramin akwati cike da tsofaffin harsasan soja, ban san ko sun dace da farauta ba, ban ma san ko hankali zai yarda a harba su ba. Tsagi biyun nan ma suna damuna, domin na ji ana cewa bindiga mai kyau tsagi biyar take da shi. Ina ne ɓarnar take a cikin shirina, kuma da wane aiki ya kamata in fara?

Mai Tara Tsofaffi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya yi gaskiya, kuma ka yi dace da ka tambaya kafin ka ɗauki zarto, domin yawancin masu zuwa da wannan tambaya sai sun gama yankan suke zuwa.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Long Branch masana'anta ce da gwamnatin Kanada ta kafa kusa da Toronto a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita da kamfanin Savage na Amurka ne suka ƙera No. 4 a wancan ɓangaren na teku, yayin da masana'antun Fazakerley da Maltby da BSA suke ƙera ta a Ingila. Tauraron da ke bayan Mk I ba ado ba ne. Yana nuna cewa an sauƙaƙa hanyar zare sakata, aka cire ɗan maɓallin da ke sakinta, aka yi wata 'yar tsaga a kan layin da take bi, saboda yaƙi ya matsa kuma ana bukatar bindigogi da gaggawa. Tsagi biyun da suka tayar maka da hankali su ma 'ya'yan wannan gaggawa ne: asalin ƙirar tsagi biyar ne, amma an gwada an ga biyu sun wadatar ga harsashin soja, kuma sun fi saurin yankuwa. Saboda haka bututunka ba mai aibi ba ne, shaida ce ta shekarar da aka haife shi. Rashin lamba a gidan harsashi ma ba abin damuwa ba ne, domin da yawa daga cikinsu haka suka fito. Abin da masu tara bindigogi ke fara dubawa shi ne lambar sakata ta dace da ta uwar ƙarfe, taka kuwa ta dace.

Darajar bindigar soja a wajen mai tarawa ba a kyawun gani take ba, a cikarta take. Kowane hatimi da ke jikin katako da ƙarfe labari yake bayarwa. Ka duba da kyau, mai yiwuwa ka ga harafin C da kibiya a cikinsa, alamar mallakar gwamnatin Kanada, ko haruffan FTR da shekara a gefensu, waɗanda ke nuna an mayar da ita masana'anta an yi mata cikakken gyara bayan ta sha aiki. Hatiman katako ba su da zurfi, shafa biyu ko uku na sanfefa sun isa su share su har abada. Bayan haka sanfefa tana cinye kusurwoyi, ta bar katako ƙasa da ƙarfen da ya kamata ya yi daidai da shi, kuma mai ido yana hango wannan daga nesa. Banis kuma bai taɓa zama a jikin wannan bindiga ba, man linsid ake shayar da katakonta tun daga masana'anta. 'Yan Rasha ne suke shafa wa bindigarsu Mosin-Nagant wani jan shafi mai ƙyalli, wanda shi ma masu sani ba sa kankare shi, ko da ya fara ɓamɓarewa.

Ba kai ne farkon wanda wannan tunani ya zo wa ba. Bayan 1945 rundunoni sun koma bindigogi masu sarrafa kansu, aka zubar da miliyoyin masu sakata a kasuwa da araha, mafarauta kuma suka yi ta yanke su. Har kamfanoni suka shiga sana'ar, Parker-Hale na Birmingham ya yi suna wajen mayar da Lee-Enfield da Mauser ta Jamus bindigogin farauta. A wancan zamani babu wanda ya ga laifi, domin ana ganin tulin ba zai taɓa ƙarewa ba. To, ya ƙare. Ba a ƙera wata No. 4 a Long Branch yau, kuma duk wadda aka huda ta fita daga sahun cikakku ke nan. Katakon da aka yanke ana iya samun madadinsa da wahala, amma ramin da aka huda a uwar ƙarfe, ko an cike shi, tabonsa na nan.

Ni a ganina gyaran tsohuwar bindiga tsayar da lalacewa ne: a cire datti, a kashe tsatsa mai rai, a shayar da katako, a maye abin da ya ɓata da irinsa na zamaninsa. Duk abin da ya wuce wannan, sau da yawa gyaran gangar Auzinawa yake zama. Mutanen Siwizalan suna ɗaga ƙarfen gindin bindigarsu K31 su tarar da 'yar takarda mai sunan sojan da aka ba shi bindigar, mutanen Suwidin suna karanta lafiyar bututun bindigarsu M96 a jikin faifan tagullar da ke ƙotarta. Taka ba ta da takarda, tabon nan da kake son gogewa shi ne takardarta.

Tsohon Maƙeri ya amsa:

Na yarda da abin da Malam ya faɗa a kan zarto da sanfefa, sai dai ni tambayarka ta ƙarshe ce ta fi damuna, wato da me za a fara. Ba da katako ake farawa ba. Kafin harsashi ɗaya ya shiga cikinta, ka kai ta wurin maƙerin da ya san bindigogin soja ya duba lafiyarta, domin shekara tamanin ba wasa ba ce, kuma ba ka san hannuwa nawa ta ratsa ba.

Abu na farko da zai nema shi ne haruffan DP a jikin ƙarfe ko katako. Bindigar da aka buga wa wannan alama an cire ta daga aikin harbi, an bar ta don faretin kurata kawai, kuma wasunsu an cire su ne saboda wani lahani da ido ba ya gani. Irin wannan ba a harba ta, komai kyawunta. Kowace ƙira tana da irin nata tarkon. Springfield M1903 ta Amurka da lambarta ke ƙasa da 800,000, ko ta Rock Island da ke ƙasa da 285,507, an san ƙarfen wasunsu ya ƙone wajen ƙira har ya zama mai saurin fashewa. Tsofaffin bindigogin Jamus na kafin 1905 kuma an yi su ne don harsashi mai kaurin inci .318, ba .323 da ya zo daga baya ba, alhali sunan harsasan kusan ɗaya ne. Na kawo waɗannan ne don ka ga cewa karanta jikin bindiga ba sha'awar masu tarawa ba ce kawai, batun ido da yatsu ne.

Abu na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da bakin ɗakin harsashi. Harsashin .303, wanda bindigarka ke ci, yana da leɓe a gindinsa, wannan leɓen ne yake zama a cikin tazarar, kuma ma'aunin soja ya ce kada ta gaza inci .064, kada ta wuce .074. Idan ta yi yawa, kwanso yana miƙewa lokacin harbi har ya tsinke kusa da gindi, iskar wuta ta dawo baya. Haƙoran da ke kulle sakatar Lee-Enfield a baya suke, ba a gaba ba kamar na Mauser, shi ya sa take da santsi da sauri, shi ya sa kuma kwansonta ya fi miƙewa. Masu ƙirar No. 4 sun yi dabara a nan: kan sakatar yana kwancewa, kuma an yi shi tsawo huɗu, daga lamba 0 zuwa 3. Ka duba naka za ka ga lambar. Idan tazarar ta buɗe, sau da yawa canza kan ya isa, amma maƙeri ne zai yi da ma'auni, domin lambobin ba kullum suke faɗin gaskiyar tsawon ba.

Sai bututu. Dushewar da ka gani tana iya zama datti da ragowar jan ƙarfen harsashi, tana iya kuma zama ƙananan ramukan tsatsa, ba za a sani ba sai an wanke. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne maƙogwaron bututu, daidai gaban ɗakin harsashi, domin albarushin kodayit da Ingila ta daɗe tana amfani da shi yana da zafi ƙwarai, yana cinye wannan wuri. Sai bakin bututu, wanda igiyar wanki ke goge gefensa idan soja ya saba janta a karkace. Na sha ganin bututu mai duhu yana zuba harsasai wuri ɗaya, na kuma ga mai ƙyalli yana watsa su saboda bakinsa ya ci.

Harsasan akwatin nan ka ɗauke su a matsayin masu sa tsatsa har sai an tabbatar maka da akasin haka. Ƙyastun da ke gindin yawancin tsofaffin harsasan soja yana barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi, gishirin yana jan laima, kafin kwana biyu tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi. Ruwa ne maganinsa, shi ya sa sojojin Ingila suke zuba tafasasshen ruwa ta mazurari daga baya ya fita ta baki, ƙarfen ya yi zafi ya bushe da kansa, sannan a bi da mai. Wanda kwansonsa ya yi kore, ko wuyansa ya tsage, kada ka sa shi a bindiga. Idan kuma ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka buɗe sakata nan take, ka bar bakin yana kallon inda kake harbi har minti ɗaya, domin tsohon harsashi yana iya yin jinkiri sannan ya tashi.

Game da katako, maiƙon da ke fita giris ɗin ajiya ne da tsohon mai. Ka bar rana ta yi maka aikin: ka shanya katakon ya yi ɗumi, ka goge abin da ya tsattsafo da tsumma, ka maimaita kwanaki. Lotsawar da ba ta yanke jijiyar itace ba tana tashi idan ka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ka danna dutsen guga a kai, amma ka nisanci hatimai, domin tururi bai san bambancin tabo da hatimi ba. Daga nan sai man linsid kaɗan-kaɗan, a murza da tafin hannu, a goge rarar, a bari ya bushe kafin a ƙara. Tsumman da ya sha wannan mai kada ka dunƙule shi ka jefa a kwando, yana iya kamawa da wuta da kansa, ka baza shi a fili ko ka tsoma shi a ruwa. Wajen cire katakon gaba kada ka kama shi ta bakin bindiga ka ɓanɓaro, ka sassauto shi daga baya ya sauka a miƙe, domin can baya akwai wasu kafaɗu biyu na itace da ke karɓar bugun harbi, idan suka murƙushe saitin bindigar ya tafi. Wannan ma wani dalili ne na barin katakon da tsawonsa: an tsara No. 4 ne bututunta ya kwanta a kan ƙarshen katakon da ɗan matsi, wanda ya yanke shi ya canza yadda take harbi, kuma ba kullum zuwa ga alheri ba. Ka kuma nemi sukudireban da bakinsa ya cika tsagar kowane sukuru daidai, domin babu abin da ke tona asirin gyaran gida kamar kan sukuru da ya tauye.

Maharbin Hunturu ya amsa:

Ɗan'uwa, manya sun gama da tarihi da ƙarfe, bari in yi maganar daji, domin shekaru da dama ina farauta da No. 4 wadda ban taɓa cire mata ko sukuru ɗaya don rage nauyi ba.

Harsashin .303 ya ishi barewa da aladen daji, har ya yi saura. Na soja samfurin Mk VII, wanda aka fara a 1910, nauyinsa giren 174 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), yana fita da gudun ƙafa 2,440 a daƙiƙa, na farauta na zamani kuma suna nan kusa da haka. A Kanada an kashe mus da karibu, manyan namun dajin ƙasar masu ƙaho, da shi ba adadi, kuma rundunar sa-kai ta arewacin ƙasar ta riƙe No. 4 tun daga 1947 har kusan shekara saba'in, saboda sakatarta ba ta daskarewa cikin ƙanƙara. Matsalar ba ƙarfi ba ce, irin kan harsashin ne. Tun yarjejeniyar Heg ta 1899 ƙasashe suka amince ba za su yi yaƙi da harsashi mai buɗewa a cikin jiki ba, saboda haka na soja a lulluɓe yake da ƙarfe har tsininsa. A jikin dabba yana iya ratsawa ya wuce kamar tsinke, ta gudu da rauni ta je ta mutu inda ba za ka same ta ba. Mk VII kuma an sa masa abu marar nauyi a tsini domin ya wuntsila idan ya shiga, wani lokaci ya yi mummunar ɓarna a nama, wani lokaci ya kauce hanya, ba ka da tabbas. Za ka ji masu cewa ai Karamojo Bell, shahararren Baturen maharbin giwa, da lulluɓaɓɓen harsashi ya kashe giwaye da ƙananan bindigogi irin 7x57 da .303. Gaskiya ne, amma shi ƙwaƙwalwa yake nema ta cikin ƙashi mai kauri, aikin da ke bukatar harsashin da ba ya buɗewa. Kai huhu da zuciyar barewa kake nema. Ka sayi mai taushin kai, giren 150 ko 180. A wurare da yawa ma doka ce: a Ingila da Wales ba a yarda a harbi manyan barewa ba sai da harsashi mai buɗewa, kauri aƙalla inci .240, ƙarfin fitarsa daga bakin bindiga kuma aƙalla 1,700 a ma'auninsu na foot-pound. Ka karanta dokar inda kake tun kafin ka fita. Wani abu kuma, bututu mai tsagi biyu wanda maƙogwaronsa ya ɗan ci yakan fi shiri da harsashi mai shafaffen gindi a kan mai tsukakken gindi, saboda haka ka gwada iri biyu ko uku kafin ka yanke wa bindigar hukunci.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne saiti. An yi bindigogin nan ne don a harbi mutum daga nesa, ba dabba a kusa ba. Babban ramin saiti na No. 4 an daidaita shi a yadi 300, idan kuma taka mai 'yar faifan nan ce mai juyawa biyu, 300 da 600 kawai take da su. M96 ta Suwidin ma daga mita 300 take farawa. Ma'ana, a yadi 100 harsashinka sama zai bi. Na koyi wannan da kunya. Shekarata ta farko, wata safiya mai hazo, namijin barewa ya fito gefen kurmi bai fi taku tamanin ba, ya tsaya a gicciye kamar an ajiye shi. Na ɗora tsinin saiti a bayan kafaɗarsa, na ja, sai na ga ɓawon itacen da ke bayansa ya fashe, tafi guda sama da gadon bayansa. Ya ɗaga kai, ya dube ni, ya shige kurmi ba tare da ko gaggawa ba. Na gode Allah da ban jikkata shi ba. Maganin ashe ɗan ƙaramin abu ne: tsinin saitin gaba na No. 4 yana zarewa, kuma an yi shi tsawo daban-daban. Na sa wanda ya fi tsawo, na ajiye na asali a cikin ambulan, tun daga ranar take buga inda na nuna a yadi 100.

Nauyinta kilo huɗu ne da ɗoriya, kuma ba zan ɓoye maka ba, da yamma kafaɗa tana sani. Amma nauyin nan shi ne ke shanye bugunta, shi ya sa Lee-Enfield No. 5 gajera da aka yi a 1944 don yaƙin kurmi ta fi ta naushi nesa ba kusa ba. Iyakar da na sa wa kaina ita ce yadi 150 da hasken rana sosai. Idan magariba ta kawo kai, idona ba ya raba tsinin saiti da jikin dabba, sai in sauke in koma gida. Wanda yake son harbin nesa ko na duhu-duhu, bindigar zamani ce tasa.

Mai Ra'ayin Daban ya amsa:

Ina girmama maganar Malam Mai Tara Tsofaffi, amma kada mu mayar da kowace bindigar soja kayan gidan tarihi. An ƙera Lee-Enfield sama da miliyan 16, kuma idon mutum yana tsufa. Wanda ya haura hamsin, saitin ƙarfe ya fara yi masa gizo, madubi a wajensa tausayin dabba ne, domin harbi mai kyau ɗaya ya fi uku na kame-kame. Waɗanda suka yanke bindigogi a shekarun 1950 ba jahilai ba ne, iyali suke ciyarwa da abin da ƙarfinsu ya kai.

Inda na rabu da mai tambaya shi ne, ba sai ya taɓa wannan ba. Akwai maɗaurin madubi da ake yi wa No. 4 wanda ba ya bukatar huda: ana cire saitin baya, a ɗaura shi a ramukan da suke nan tun asali, ranar da aka so a kwance a mayar da komai. Aibinsa shi ne madubin yana zama sama, kunci ba ya samun wurin kwanciya sai an ɗaura matashin fata a ƙota, kuma ba a iya loda harsasai biyar-biyar ta sama kamar yadda soja ke yi. Idan wannan bai yi maka ba, yankakku sun cika kasuwa, kuma suna da araha fiye da cikakku. Ka sayi wadda wani ya riga ya yanke shekara sittin da suka wuce, ka huda ta yadda kake so, babu mai yi maka kallon banza. Ni kaina tawa Parker-Hale ce, ban taɓa jin kunyar fita da ita ba.

Sabon Hannu ya dawo:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Baba Maƙeri na kai ta an duba. Babu DP a ko'ina, kan sakatar lamba 1 ne, kuma sakatar ta ƙi rufuwa a kan ma'aunin .074, wanda maƙerin ya ce haka ake so. Bayan wanki uku duhun bututun ya ragu sosai, sai 'yan ɗigo-ɗigo da suka rage kusa da maƙogwaro. Harsasan akwatin ya ce masu sa tsatsa ne, ya kuma ware goma sha ɗaya da wuyansu ya tsage ya karɓa domin a lalata su ta hanyar da ta dace. Da na shanya katakon kwana huɗu ina gogewa, sai ga harafin C da kibiyarsa sun bayyana a gefen ƙota, daidai wurin da na yi niyyar fara sa sanfefa. Zarton dai na mayar da shi inda na ɗauko. Saitin bayana mai juyawa biyun nan ne, 300 da 600, kuma a gwajin farko da mai taushin kai giren 180 harsasai biyar sun taru cikin faɗin tafin hannu a yadi 100, amma kusan inci bakwai sama da inda na nuna. Malam Maharbi, lambar da ke jikin tsinin saitina ita ce .015, tsawo nawa ya kamata in ƙara, kuma ta wane gefe ake zare shi?